Tanda a Cikin Allo

Sha ɗaya na dare a Ɗorayi.
Wuta ta dawo ba sallama,
na jona caja, na buɗe kwamfutar
da Tasi'u ya sayar mini a Fam Senta,
yana rantsuwa wai hannu ɗaya ne ya taɓa ta.

Buƙatata ba ta da yawa:
layi guda na lissafi ya tashi daga kwance,
ya yi tsawo, ya yi faɗi, ya yi zurfi,
in juya shi gobe a gaban 'yan aji
su daina yi mini kallon mai tatsuniya.

Manhajar ta kowa ce, gidan da ba a kulle wa ƙofa,
mai wucewa ya aza tubalinsa ya yi gaba.
Shi ya sa na tarar da masu zane uku a zaure.
Na farko dattijo ne, da zare kawai yake aiki,
ba launi, ba inuwa, amma ba ya ƙin aike.
Na biyu ɗan gayu, ba ya motsi sai da data,
ya lashe ta ɗari biyar bai ce uffan ba.
Na uku Malama Uwani ta yaba mini shi,
ta ce juyi yake kamar mazari.

Shi na kira.
Taga ta buɗe fari fat,
ƙarƙashinta jan rubutu layi goma sha bakwai,
faɗan da ba da ni aka fara ba.
Na karanta daga ƙasa zuwa sama, yadda Malama ta koya mana.
Wani ƙunshi ya ɓace.
Wani ya girmi ɗan'uwansa da shekara biyu,
ba sa ga maciji.

Na sauke, na ɗora, na kashe, na kunna.
Fankar ciki tana huci
kamar adaidaita a hawan gadar Ƙofar Nasarawa.

Ƙarfe biyu hoto ya fito,
raga mai manyan idanu, duk kusurwa.
Na ce a ƙara ɗigo, dubu sau dubu,
sai allo ya sandare,
kibiya ta ƙi bin yatsana.
Na sauko tamanin. Ya yi ajiyar zuciya.

Amma ga wani tsini a tsakiya,
ya huda rufi ya wuce, ba ya da ƙarshe.
Na zagi Tasi'u, na zagi mazarin Malama,
na zagi mutanen da ban sani ba a ƙasashen sanyi,
kafin in ga bakar da na rufe inda ba wurinta ba.
Ashe da sifiri nake ta rabawa.
Na nemi gafararsu a zuci, ɗaya bayan ɗaya.
Tasi'u na bar shi a ƙarshe.

Sai ga shi.
Tudu, kwari, tudu, kwari,
shuɗi a ƙasa kamar ruwan marinar Ƙofar Mata,
ja a kan kowane tozo.
Na ja shi hagu, ya biyo ni.
Na kifa shi, na leƙa cikinsa.

An kira assalatu, Gwaggo Ladi ta fito da ƙullu,
ta tsaya a bayana, ta rage ido.
Ta ce, “Wannan ai tanda ce.
Amma wa ya ƙera ta? Ramin ya yi zurfi,
masa ba za ta juyu a nan ba.”
Na goge uku na sa ɗaya.
Ramukan suka taso.
Ta ce, “Yauwa,” ta tafi hura wuta.

Ta lantarki kuwa ta ɗauke nan take.
Batir saura tara cikin ɗari,
kuma ban san halin injin makaranta ba.
Na adana hoton, na saka dattijon mai zare a guzuri,
don wanda ba ya ƙin aike ba a barinsa a gida.

Na leƙa tsakar gida na ce,
“Gwaggo, ki ara mini tandar ƙarfe takwas.”
Ba ta ɗago ba, tana zuba mai rami rami.
Ta ce, “Sai na sayar.”