Ƙofar Baya

A Recife, a gida mai hawa goma sha huɗu,
lif biyu ne: ɗaya na masu gida,
ɗaya na shara da tukunyar gas da uwata Zuleide.
Ina riƙe da gefen siket ɗinta
na koyi lissafin da ba a koyarwa a aji:
mutum ɗaya ba ɗaya yake da mutum ɗaya ba.

Ɗakinta na bayan kicin, ba taga,
taku bakwai, da ƙafata na auna.
Ta san gishirin kowa a gidan,
su ko sunan ƙauyenmu ba su taɓa tambaya ba.

Yau Farfesa Dalvanira ake ce mini,
masaniyar zamantakewa.
In ɗalibai sun ce, mene ne birnin zamani?
sai in ce ku je tashar bas da asuba,
ku ga wa ya tashi don wani ya yi barci.
Ku ƙirga ƙofofi. Ku nemi wadda ba fenti.

An cire allon bango, wai kai ya waye.
Amma jiya yaron da ya kawo abinci a babur,
mai gadi da haɓa ya nuna masa hanya,
ya bi ta baya, bai ce uffan ba.
Ni na yi odar. Wannan ma na rubuta.

Ran da uwata ta zo ganin sabon gidana,
na danna lif na gaba, ya buɗe, madubi ko'ina.
Ta rungume jakarta, ta ja da baya,
ta ce, Dalva, ina ɗayan?