Numfashin Mage

Ranar da na saye ta a Farin Gada
da rigar sanyi a jikina.
Dalyop ya buɗe mini gaba, ya buɗe baya,
na shuri taya, na leƙa lagireto,
na kasa kunne ga inji
kamar mai jiran bakin likita.
Maɓallin nan mai shuɗiyar fitila
ko taɓa shi ban yi ba.
Wa ke cinikin sanyi a Jos?
Allah ke kunna shi tun asuba, kyauta.

Sai takardar canjin wurin aiki ta zo.

Yau ga ni a gangaren Kugbo,
watan Maris, uku da rabi,
motoci sun ja sahu babu liman.
Can gaba kwalta tana ƙyalli kamar kududdufi,
in ka iso, babu ko ɗigo.
Na murɗa esi har lamba huɗu.
Ƙara ta ƙaru.
Na kara tafin hannu a bakin ragar iska:
numfashin mage mai barci,
ɗumi-ɗumi, da warin tsohuwar roba.

Sitiyari ya koma tandar masa,
da yatsa biyu nake riƙonsa.
Ƙarfen bel ya yi mini lalas a damtse.
Riga ta auri baya,
baya ya auri kujera,
ba sadaki, ba shaidu.

Kubura a kujerar baya
ta cire safa ɗaya, ƙarfinta ya ƙare kan ta biyun.
Cakulan da ta ɓoye wa ƙaninta
ya zama kunu a aljihu.
"Baba, ka kunna."
"Na kunna."
"To ka kunna na gasken."

In sauke gilashi, tirela ta yi mana turare.
In ɗaga, mu turara kamar dambu.
A dama da ni wata jif baƙa wuluk,
mutumin ciki da kwat, maɓalli har wuya,
na ga ya yi atishawa.
Ban ce masa komai ba.

Sau uku ina kai ta Apo wurin Sylvanus.
Na fari ya ce gas ne, na biya.
Na biyu ya ce fanka, na biya.
Na uku ya goge hannu da tsumma,
ya dube ni, ya dubi 'yar motar,
ya ce, "Oga, ba ta da ciwo.
Ƙarama ce kawai.
In za ta ja ku, ba za ta sanyaya ku ba.
Sai tana gudu take samun sukuni,
a tsaye kuwa, ta kanta take yi."
Wannan karon bai karɓi ko sisi ba,
shi ya fi yi mini zafi.

Tun daga ranar, in mun zo tudu,
nakan kashe mata esi da kaina.
Na san yadda ake ji
in albashi ɗaya na jan mutum shida
kuma a ce ka yi fara'a.

Wajen gadar Karu hanya ta ɗan saki.
Giya uku. Giya huɗu.
Sai wani siririn zare mai sanyi
ya fito, ya shafi wuyan hannuna,
kamar iskar Rayfield bayan ruwan Agusta,
kamar wanda ya tuna sunanka bayan shekaru.
Na juya in ce, Kubura, kin ji?
Barci take, baki buɗe,
gashin goshi ya jiƙe sharkaf.

Jajayen fitilu suka sake kamawa.
Na taka birki. Zaren ya tsinke.

Na kira mai ruwan leda ta taga.
Biyu, na ce, daga can ƙasan bokiti.
Ɗaya na ɗora mata a wuya.
Ɗayan na riƙe a hannu,
ina duban allurar zafin inji,
ban san wa ya fi bukata ba.