Baƙaƙen da Babu a Injina

Naira ɗari biyu nake buga shafi
a shagonmu na titin Bauchi, daura da ƙofar jami'a.
Ran Talata Nanbam ta kawo aikinta,
shafi arba'in, rubutu kamar jerin kiyashi,
a kan wani harshe wai shi Lushutsid,
na mutanen bakin teku, can ƙuryar Amurka,
masu sassaƙa kwalekwale da itace guda,
masu jiran kifin da ke hawo kogi ya mutu a inda aka haife shi.

Na zauna zan buga, yatsuna suka tsaya.
Ga wani e ya kifa da kai kamar jemage,
ga alamar tambaya an cire mata ɗigo,
ga l da ɗamara a ƙugu.
Na laluba injin kaf, babu su.
Ban yi mamaki sosai ba:
ƙ ɗina ma sai na yi mata farauta
kafin in rubuta ƙasa, kada ta fito kasa.

Shafi na tara ya ce harshen kari biyu ne,
na arewa da na kudu.
Shafi na sha ɗaya ya ce
waɗanda suka sha shi a nono sun ƙare,
yanzu jikoki ke ɗebo shi daga faifai,
suna koya wa yara a aji,
suna kafa shi a allunan bakin hanya.
Nan na yi kuskure uku a layi ɗaya.
Nanbam ta ce, lafiya?
Na ce sanyi ne, Jos ce.

Ba sanyi ba ne.
A Unguwar Rukuba akwai Kaka Laraba,
akwai Baba Maisamari a gida na huɗu bayan shingen kerana.
Yarensu ɗaya, na wani dutse da mota ba ta hawa.
Ita 'yar bisa ce, shi ɗan gindi.
Kullum la'asar yana zuwa shan gwaten acca,
kullum sai sun yi faɗa a kan sunan ruwan sama.
Ta ce mutanen gindi sun haɗiye rabin kalmar,
ya ce mutanen bisa suna tauna ta kamar ganda.
Shekara talatin ba a raba gardamar ba,
kuma duk unguwar babu na ukun da zai yi alƙalanci.

Ni da Hausa na buɗe baki.
Da ita nake ciniki a Farin Gada,
da ita nake mafarki, da ita nake rubuta wannan.
Ina son ta. Amma babbar inuwa ce,
ciyawar ƙarƙashinta ba ta tsawo.
Kaka ta kira ni da yarenta, in amsa da na'am.
Abin da na iya bai wuce zo, ci, da wani zagi ba.

Daren nan na ajiye waya kusa da murhu,
na danna jan maɓalli, na ce, Kaka, ruwan sama.
Ta dube ni kamar na roƙi bashi.
Sai ta faɗa, a hankali, har sau biyu.
Akwai wani sauti a tsakiya, daga maƙogwaro,
da ban san baƙin da zai ɗauke shi ba.
Na zana masa ƙugiya a bayan rasit.

Ta ce, gobe in tsohon nan ya zo kada ki ɗauki nasa,
ɓata miki waya zai yi.

Zan ɗauka.
Shafi talatin na Nanbam na jira na da safe,
in an kawo wuta.