Kunnen Hagu

Matakala ɗari da sittin ta hawo da shi a rungume,
Maite Urrutia, numfashi sama-sama.
Ta dire shi a teburina, katako ya amsa.
"Rediyon mahaifina ne. Ɓari guda ya yi shiru."

A Valparaíso gishiri ba ya tsayawa a miya.
Yana hawo tudu tare da hazon teku,
ya shigo ta tagar da aka manta,
ya kwana kan tagulla, gari ya waye ta yi kore.

Noti biyar na kwance. Na shida ya turje,
kansa a cinye: wani ya riga ni shiga.
Na ɗaga murfi,
warin shekara arba'in da ɗoriya,
gashin kyanwa ya yi bargo,
ga kwabo guda da kasuwa ta daina karɓa.

Ba a ba tsoho wuta da gaggawa.
Na jona shi ta bayan ƙwan fitila,
in da mugun abu a ciki, ƙwan ya sha dukan.
Ya haska, ya lafa. Madalla.
Gilashin gaba ya kawo shuɗi-shuɗi,
allura ta yi miƙa kamar mai tashi daga barci.

Fis lafiya lau.
Kafasita biyu sun kumbura, sun yi amai a kan allo,
na tumɓuke su kamar ruɓaɓɓen haƙori.
Maɓallin ƙara na ƙarr-ƙarr, tamkar ana taka tsakuwa,
na fesa masa magani, na murza sau hamsin.
Dama ta rera. Hagu, ko tari.

Na bi sauti da tsinken mita
kamar mai bin sawun akuyar da ta tsinke:
nan ya wuce, nan ma ya wuce.
Kwana uku ina tuhumar tiransista huɗu
da ba su ji ba, ba su gani ba.

Daren na uku na kifa shi,
sai ga ta.
Jar waya, tsawon ɗan yatsa,
ba ta cikin taswirar kamfani.
An datse hanyar hagu da reza, tsaf,
an karkato ruwanta zuwa dama.
Dalma ta yi tsibi, aikin hannu mai rawa,
amma ta riƙe gam.
Wannan ba ciwo ba ne. Nufi ne.

Na kira ta. Ta yi shiru
har na ji kukan jirgin ruwa ta cikin wayarta.
"Shekara talatin yana dukan cikin jirgi da guduma.
Kunnensa na hagu ya mutu kafin a haife ni.
Mu mun ɗauka lasifikar ce ta gaji."

Ashe bai yarda rabin makaɗa su yi ta yi
a ɗakin da ba ya iya shiga ba.
Ya kwaso su kaf, mai jita da mai ganga,
ya zaunar da su a ƙofa ɗaya,
wadda ta rage masa a buɗe.

Aikin minti biyar ne:
a ɗage jar waya, a ɗinke yankan.
Na riƙe ƙarfen dalma har hayaƙinsa ya ƙare.
Gyara ne sana'ata. To me ya ɓaci a nan?

Na huda baya, na dasa ƙaramin makunni.
Sama: yadda kamfani ya so.
Ƙasa: yadda Baltasar ya ji duniya.

Ran Asabar ta zo da faifai a jaka.
Na nuna mata sama, kiɗa ya cika shago ɓari biyu.
Ta gyaɗa kai, ta biya.
Sannan ta miƙa hannu ta danna ƙasa,
ta jawo kujera, ta juya kunnen dama,
ta toshe ɗayan da yatsa.
Na fita waje na ba ta wuri.