Kalma Mai Baƙi Shida

Ran Talata, bayan an dawo tara,
na rubuta ta a allon aji biyu,
kalmar Turanci mai baƙi shida.
Alli ya karye a kan na huɗun.

Na ce, fassararta ta fari zato ne.
Ka hangi hadari ta wajen Maiyama,
ka kwashe shanyar barkono a guje,
ashe iska ce ta zo wucewa.

Malamin lissafi ma na aron ta,
in ya ce mu ƙaddara buhun albasar Aliero
naira kaza ne, alhali bai taya ba.
Wanda ya hau sabuwar kujera
da ita ake cewa ya kama aiki.
Haka mai aron suna, haka mai aron fuska.
Kalma ɗaya, riga huɗu,
duk ɗauka ce:
wani ya ɗauki nauyi,
wani ya ɗauki abin da bai gani ba.

Can layin baya, jikin taga,
Arzika ya runtse ido kamar kullum.
Tun zangon farko na gama da shi,
na sa masa jan biro a rajista,
na ce da hedimasta, wannan ba ya ja.

Na buga tebur. Kai, tashi!
Sa mana ita cikin jimla.

Ya miƙe, hannu a bakin benci,
ya yi ta da Turancinsa mai tsakuwa,
sannan ya juya ta da bakin gida:
"Malam ya ɗauka kwana nika yi."

Aji ya fashe. Shi bai yi dariya ba.
Ya karanto mini hadarin Maiyama,
buhun albasa, kujera, aron fuska,
bai zubar da ko wasali ba.
Ya ce allon hayaƙi ne a wurinsa,
in ya rufe ido ya fi jin magana.

Wata bakwai.
Ban taɓa takawa zuwa tagar nan ba,
taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga daga baya.

Kakata Inno kan ce zato zunubi
ko da ya zama gaskiya.
Nawa bai ma zama ba.

Na dawo da shi benci na gaba,
na rubuta wa babansa takardar asibitin ido.
Jan biron kuwa ya ƙi gogewa,
sai na ja layi a kansa, na sa hannu.

Da yamma a kan gadar Jega
na ga wani abu baƙi yana bin ruwa.
Bakina ya ɗauko "gungume ne".
Na mayar da shi,
na jingine keke,
na tsaya sai ya matso.