Littafin Bashin Mai Shayi

Shekara sha tara ke nan teburina
na bakin ƙofar asibitin Yawuri,
ƙarƙashin dogon yaro, daura da masu lemo.
Ban san allura ba, ban san sunan ƙwaya ba,
amma na san hannun da ya wuni yana ɗaga mutane:
in ya karɓi kofi, kofin rawa yake yi.

Sista Rifkatu, 'yar Zuru,
ba ta shan sukari, ba ta kuma taɓa shanye kofi ba.
Kurɓi biyu, sai a ƙwala mata kira daga ɗakin haihuwa,
ta dire shi ta ruga, takalmi ɗaya na neman zame mata.
Nakan kifa faranti a kai saboda ƙuda.
Da asuba ta dawo ta sha shi da sanyinsa,
ta ce, "Mace ce. Uwar ma ta tashi."
Daren da aka ɗauke wuta
waya ta cije da haƙora tana haskawa,
hannu biyu na can cikin aikin Allah.

Ɗantani ba shi da farin kaya,
shuɗi ne nasa, ya koɗe a kafaɗa.
Shi ke juya tsofaffi kada gado ya ci bayansu,
shi ke fita da tasa a rufe, da sauri,
don kada mai ita ya ji kunya.
Kowace Juma'a yakan yi wa wani dattijo aski,
dattijon da 'ya'yansa uku ke aiko da gaisuwa ta waya.

Ranar da jirgin 'yan kasuwa ya kife a kogi
ban sayar da ko kofi ɗaya ba.
Ruwan zafina kaf suka kwashe a bokiti,
gawayi ya ƙare, na farfasa benci na hura.
Hansatu ta ofishin jin daɗin jama'a
ta goya yarinyar da ba wanda ya zo nema.
Kwana tara tana bin ƙauyukan gaɓa a kan kabu-kabu
da zanen da aka tsamo ta da shi,
har wata tsohuwa ta ga ɗinkin hannunta a bakin zanen,
ta zube ƙasa.

Jiya aka ce an yi taro a Birnin Kebbi,
an raba takardun yabo, an yi tafi.
Madalla, yabon gwani ya zama dole.
Su dai suna bakin aiki, a rediyona suka ji.
Rifkatu ta yi dariya, ta ce in ƙara mata madara.

Ni ba ni da takarda sai wannan littafi
mai maiƙo a gefe, inda nake rubuta bashi
in albashi ya yi nauyin ƙafa.
Ɗantani: rabin burodi, shayi biyu.
Hansatu: ƙwai ɗaya, yarinyar ta ba.
Rifkatu: shafi uku, tun kafin azumi.

Akwai daren da ban rubuta ba,
daren da numfashin ɗana Namadina ya sarƙe,
na shiga da shi a kafaɗa,
wuƙar burodi na hannuna ban sani ba.
Ga shi can yana wanke mini kofuna,
ƙato, har gemu ya fara tsiro.

To, wa ke bin wa?

Ɗazu na ja layi daga sama har ƙasa,
shafi bayan shafi, har biro ya huda takarda.
Ba zan faɗa ba, Rifkatu faɗa za ta yi.

Buta ta tafasa. Ga ta can tafe,
tana murza ido da bayan hannu.
Na ɗauko farantin tun kafin ta zauna.