Tsintar Tsakuwa

Wuta ta dawo ƙarfe uku da rabi,
fankar ofis ta yi tari, ta soma juyi.
A gabana takardu dubu da ɗari biyu
da Barau ya kwaso daga Rigasa har Kakuri,
wasu da tabon manja, wata da sawun kofin shayi.

Goggo Dudu ce ta fara koya mini aikin nan,
ita da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba.
Takan zuba shinkafa a faifai, ta ce,
"Ido ƙasa, 'yar nan. Tsakuwa ɗaya
ta isa ta raba baƙo da haƙorinsa."

To, ga tsakuwa.
Unguwa ɗaya, suna huɗu:
Tudun Wada, T/Wada, Tudunwada,
da wanda ya rubuta Tudu kawai, ya gaji.
Na'ura ba 'yar gari ba ce,
sai ta ɗauka unguwanni huɗu ne.
Na haɗa kansu, na ba su lamba bakwai.

Wata tsohuwa a Kabala ta shekara ɗari tara.
Wani jariri na da mata da 'ya'ya uku.
A gurbin ranar haihuwa an rubuta:
"daminar da kogi ya cinye mana lambu."
Wannan ya faɗi kuɗin wata, wancan na mako,
ɗaya ya auna da mudu, ɗaya da tiya,
ɗaya ya ce, "gwargwadon hali."
Ni ce mai daidaita sahu,
kowane gida layi guda, kafaɗa da kafaɗa,
kada wani ya tsaya sau biyu.

Sai layi na ɗari huɗu da sha biyu.
Kakuri. Namiji. Sittin da ɗaya.
Sana'a: masaƙa, a da.
Bakin da yake ciyarwa: sha ɗaya.
Abin da ke shigowa a wata:
fili, fari fat.

Malam Shekari ya leƙo ta bayana,
makullin mota na kaɗawa a yatsansa.
"Sa sifili mu wuce, gobe za a yi lissafi."

Na kira Barau. Ka manta ne?
"Ban manta ba. Sau biyu na tambaya.
Ya dubi bututun da ya daina hayaƙi,
ya ce yara su kawo mini ruwa."

Sifili magana ce, cewa take ba ni da ko anini,
shi kuwa bai ce haka ba.
In na ɗebo matsakaicin maƙwabta na cike masa,
na sa wa dattijo rigar aro
ba tare da ya miƙo hannu ba.

Na tuna Goggo takan ɗaga ƙwaya baƙa,
ta ɗan cije ta kafin ta yar.
"Ba kowace baƙa ce tsakuwa ba,
wata shinkafa ce da ta sha rana."

Na bar gurbin yadda ya bar shi.
A littafin bayani na rubuta:
an tambaya, bai amsa ba.

Gobe masu jadawali za su zo da yunwarsu,
su ɗora tukunya, su kwashe kashi cikin ɗari,
ba mai tambayar wa ya tsince.
Na adana aikin sau biyu, don na san halin wuta.
Kafin in kai gada an kira magariba,
ɗari huɗu da sha biyu na biye da ni.